Kwaɗo na Uku

Kwaɗo biyu na sani a gidan nan:
na ƙofa, mai cin makulli,
da na kwano, rama da ƙuli-ƙuli.
Na ukun ya shigo babu sallama
cikin ƙullin alayyahu daga lambun Kabala,
kore shar, ɗan mitsitsi,
bai kai kan babban yatsana ba.

Barira ta ce nata ne.
Ta ɗauko tsohuwar kwalbar alewa daga shagon babanta,
mai faɗin bakin nan,
ta jingina reshen gwaiba, ta shimfiɗa gansakuka,
ta yanki gefen gidan saurona ta yi masa rufi.
Ni ban sani ba, sai da sauro ya kawo mini labari.

Hutu ya ƙare.
A tashar Kawo, ƙafarta ɗaya a motar Zariya,
ba ta ce a gaida kowa ba,
ta ce, "Umma, amana."

To ga ni, da furfura a goshi,
ina tarar ruwan sama a baho saboda kwaɗo,
don na famfo yana warin magani
shi kuwa da fata yake sha.
Safe da yamma in yayyafa masa da yatsu
kamar mai guga tana jiƙa riga.
Kafin in taɓa kwalbar sai na ɗauraye hannu,
ba sabulu, ba man shafawa, ba ƙanshin albasa.
An ce ruwan zafi ba wurin wasan kwaɗo ba ne.
Da can karin magana ce,
yanzu doka ce a kicin ɗina.

Malam Nafi'u ya ɗauko fiya-fiya daren Laraba,
na tare ƙofa.
Ya ce, "Shekara ashirin da huɗu da aure,
yau kwaɗo ya fi ni?"
Ya kwana yana mari.
Amma da aka ɗauke ruwa, shinge ya rufe ƙwan fitila,
wa na gani a tsakar gida da murfin kwano
yana zaɓar ƙanana, yana cire musu fiffike?
Na yi kamar ban gani ba.

Da rana sai ya manne a gilashi,
ya naɗe hannuwa ƙarƙashin ƙirji kamar mai jin sanyi,
launinsa ya koɗe, har na taɓa zaton ya mutu.
Na zauna ina haɗa abin da zan faɗa wa yarinya.
Sai maƙogwaronsa ya motsa.
Wata asuba kuma na same shi yana tuɓe fatarsa
yana turawa baki da hannu biyu.
Ko tsumma bai bar mini in share ba.

Ranar Asabar take kira da wayar malamarsu.
"Ya ci?" Ya ci.
"Me ya ci?" Gyare ɗaya, shinge uku.
Sai can, kuɗi na shirin ƙarewa:
"Ke fa, Umma?"

Jiya an ɗauke wuta, janaretocin layinmu suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.
Daga wajen kogi
dubu suna ta kira,
sai na ji daga kan tagata, ƙit, ƙit,
ƙaramar murya tana amsawa,
balan-balan ɗin wuyansa na kumbura a hasken tocila.

Damina ta kusa naɗe tabarma.
Na san hanyar Kabala, kuɗin keke ɗari uku ne.
Na sa hannu a kan zaren da ta ɗaure rufin,
ƙullin nan nata na hagu da ban iya koya mata gyarawa ba.

Na bar shi.
Saura kwana goma sha ɗaya ta dawo.
Ita ta ƙulla.